Zobe Ko Gwadabe: Wa Ke Da Ikon Magana A Kan Waya?

Kwanan baya, sa'ad da ɗalibanmu suka fita koyon aikin koyarwa, aka tura ni wata makarantar sakandare in duba ɗaya daga cikinsu. Na sami kujera a bayan aji na zauna. Darasin ran nan a kan hanyoyin haɗa kwamfutoci ne. Malamin namu ya ɗauki alli ya ja dogon layi a kan allo, ya jera 'yan akwatuna a jikinsa, ya ce wannan shi ne tsarin bas. Ya koma gefe ya zana da'ira, ya kewaye ta da waɗansu akwatunan, ya ce wannan kuma tsarin zobe ke nan. Zanen ya yi kyau, rubutunsa ma ba laifi, yara suka duƙufa suna kwafa. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to, in biyu suka aika da saƙo lokaci ɗaya a kan wayar nan fa, na wa zai wuce?” Malam ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce mata wannan ba ya fitowa a jarrabawa.

Ban ga laifinsa ƙwarai ba, gama abin da muka ba shi ne ya kai. Mu ne muka koya masa layi da da'ira, muka bar shi nan. Alhali kuwa tambayar yarinyar nan ita ce dukan maganar. Bambancin tsarin nan biyu ba a siffar waya kaɗai ya tsaya ba, babban bambancinsu shi ne dokar da ke cewa wa zai yi magana, kuma yaushe. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili in ba ta amsa a nan, don waɗanda za su fita baɗi kada su tsaya inda ɗan'uwansu ya tsaya.

Bari mu fara da abin da ya kawo matsalar. A ce muna da kwamfuta 20 a ɗaki guda, muna so kowace ta iya aika wa kowace saƙo. In muka ce sai mun ja waya daga kowace zuwa kowace, waya 190 za mu saya. Wanda bai yarda ba ya ɗauki takarda ya lissafa. Ba mai kuɗin wannan, ba kuma ɗakin da zai ɗauke su. Saboda haka tilas a yi tarayya a kan waya. Kwamfuta kuwa ba ta zuba saƙonta gaba ɗaya, sai ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta naɗe kowace gunduwa cikin ƙunshi, ta rubuta adireshin mai karɓa da na mai aikawa a bisa, kamar dai ambulan a gidan waya. Abin da ke cikin ƙunshin kuwa jerin 0 da 1 ne kawai. Kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa bit, bit 8 kuma su ne bayit ɗaya, watau kimanin harafi guda. Ku riƙe kalmomin nan biyu, za mu bukace su nan gaba.

To, tsarin bas. Na sha jin ɗalibai suna zaton an sa masa sunan ne don zanen ya yi kama da motar bas da kujerunta. Ba su yi nisa da gaskiya ba, amma ba ta nan ba ne. Kalmar ta samo asali ne daga Latin, ma'anarta “na kowa da kowa,” motar ma daga nan ta sami sunanta. Ni dai a aji gwadabe na ke ce masa, gama shi ke nan: hanya ɗaya babba, kowane gida ƙofarsa na kallonta. Waya ɗaya ce a ke ja daga wannan bango zuwa wancan, kowace kwamfuta ta manne a jikinta. In ɗaya ta saki ƙunshi sai ya bazu hagu da dama, kowa ya ji. Wadda ta ga adireshinta ta ɗauka, saura su kau da kai.

Asalin dabarar daga tsibiran Hawai ta fito, ba ma a kan waya ba. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka fara aiki da wani tsari da suka kira ALOHA, don su haɗa rassan jami'ar da ke tsibirai dabam dabam da babbar kwamfutarsu ta hanyar rediyo. Dokarsu ba ta da wuya: in kana da magana ka faɗa. In ba ka ji an amsa ba, watau kun yi karo da wani ke nan, sai ka ɗan jira ka sake. Da aka yi lissafi aka ga da irin wannan sakaci ba a cin moriyar hanyar fiye da kashi 18 cikin 100, saura duk karo ne da zaman banza.

Wani saurayi Ba'amurke, Robert Metcalfe, ya karanta aikin nan. Yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, ran 22 ga Mayu 1973 ya rubuta takardar da ta bayyana abin da ya sa wa suna Ethernet, shi da David Boggs kuma suka gina shi. (Kada ku rikita Ethernet da intanet. Ethernet na haɗa kwamfutocin gida ɗaya ne ko makaranta ɗaya, intanet kuwa ita ke haɗa irin waɗannan gidaje a duniya duka.) Na farkon yana gudun bit miliyan 2.94 a daƙiƙa. A 1980 kamfanoni uku, DEC da Intel da Xerox, suka fitar da ƙa'idarsa a fili mai gudun bit miliyan 10.

Abin da Ethernet ta ƙara a kan ALOHA ladabi ne irin wanda a ke koya wa kowane yaro a gida. Na farko, kafin ka buɗe baki ka saurara, in wani na magana ka bari ya gama. Na biyu, kana magana kana saurare, in ka ji muryar wani ta hau taka ka yi shiru nan take. Watakila wani ya ce, in kowa na saurare kafin ya yi magana, ina karo zai fito? Ai saƙo ba ya isa ƙarshen waya nan da nan. Yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, gudu ne ba na wasa ba, amma duk da haka akwai ɗan lokacin da ta wannan gefe ta riga ta fara, ta wancan gefe ba ta ji ba tukuna. Ita ma sai ta ga hanya fayau ta fara. Su haɗu a tsakiya, ƙunshi biyu su dagule, ba wanda ya isa.

Yanzu ga wurin da dabarar ta fi ba ni sha'awa. Kun san yadda mutum biyu kan haɗu a ƙofar zaure, wannan ya ce bismilla, wancan ya ce bismilla, su ja da baya tare, su kuma taho tare, har abin ya zama abin dariya. In kwamfutocin nan biyu suka jira lokaci iri ɗaya, haka za su yi ta karo har Mahadi ya bayyana. Don haka kowace sai ta jefa ƙuri'a. Bayan karo na farko ta zaɓi 0 ko 1, ta jira wannan adadi na ɗan taƙin lokaci. In an sake karo ta zaɓa tsakanin 0 da 3. In an kuma, tsakanin 0 da 7. Haka fagen ƙuri'ar zai yi ta ninkuwa har karo na 10, inda ya ke kaiwa 1023, daga nan ba ya ƙaruwa. In ta gwada sau 16 ba ta samu ba, sai ta haƙura ta ba da labari cewa ƙunshin nan bai tafi ba. Ku lura, ba shugaba, ba mai raba fili. Cunkoso na ƙaruwa, kowace na ƙara ja da baya da kanta.

Taƙin lokacin nan ma ba da ka aka yanke shi ba. Tilas mai aikawa ta kasance tana kan magana har labarin karo ya dawo mata daga can ƙarshen waya, in ba haka ba za ta gama ta tafi tana zaton saƙo ya isa. Shi ya sa aka ce ƙunshi kada ya gaza bayit 64, watau bit 512. A gudun bit miliyan 10, aika bit 512 yana cin kashi 51.2 cikin miliyan na daƙiƙa, wannan kuwa ya isa saƙo ya je ya dawo a kan mafi tsawon haɗin da aka yarda da shi, kimanin mita 2,500. Malaman lissafi, ga aikin gida mai kyau na ba ku kyauta.

Wayar da aka fara amfani da ita mai kauri ce kamar yatsa, galibi ruwan ɗorawa, ba ta lanƙwasuwa da sauƙi. Tsawon guda bai wuce mita 500 ba, tana ɗaukar kwamfuta 100, an kuma yi mata alama kowace mita 2.5, nan ne kaɗai a ke huda ta da wani maƙali mai tsini a haɗa. Daga baya aka kawo siririya mai araha, mai mita 185 da kwamfuta 30, wadda ke bi ta bayan kowace kwamfuta ta wani ɗan ƙarfe mai baki uku. Kowace iri dai, a ƙarshenta biyu sai an ɗaura wani ɗan marufi mai om 50. Aikinsa ya shanye saƙo in ya kai ƙarshe. In babu shi, saƙon ya kan bugi bakin waya ya dawo kamar amsa-kuwwa a gindin dutse, kwamfutoci su ji shi su zaci karo ne, kowa ya yi shiru.

Wannan na gan shi da idona. Kafin in zo kwalejin nan na yi aiki a wani ofis inda muke da kwamfuta 12 a kan siririyar wayar nan. Wata Litinin muka zo da safe, ba wadda ke ganin 'yar'uwarta. Muka kashe muka kunna, muka zargi wuta, muka zargi mai gyara, har azahar. Ashe ran Asabar an ja wani kabad don a yi shara, kabad ɗin ya fizge marufin ƙarshe, mai shara kuwa ya tsince shi ya ajiye mana a aljihun tebur don kada ya ɓata. Abu bai kai kan alkalami girma ba ya hana mutum 12 aiki rabin yini. Littattafanmu suna cewa a tsarin gwadabe in kwamfuta ɗaya ta mutu saura na ci gaba, gaskiya ne kuwa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne in wayar ta tsinke a tsakiya, ba rabi ne ke mutuwa ba, duka ne, gama kowane rabi ya zama mai buɗaɗɗen baki. Neman wurin kuma sai ka raba wayar biyu, ka sa marufi, ka gwada, ka sake rabawa, kana rarrafe a ƙarƙashin tebura.

Mu koma ga zobe. A nan babu waya guda ta kowa. Kowace kwamfuta tana da maƙwabciya a sama wadda ta ke karɓa daga gare ta, da maƙwabciya a ƙasa wadda ta ke miƙa wa, ta ƙarshe kuma ta miƙa wa ta farko. Saƙo yana bin fuska ɗaya kurum. Kowace ta karɓa sai ta sabunta shi ta tura gaba, don haka ba ya raunana a hanya.

Dokar magana kuwa ita ce ta adashi. A adashi ba a kokawa, ba a ƙuri'a kowane mako, kowa ya san ranar ɗaukarsa, in ta zo ya kwasa, in ta wuce ya jira ta kewayo. A zobe akwai wani ɗan ƙunshi na musamman mai bayit 3 wanda ke ta kewaya ba tsayawa. Bari mu ce masa sandar izini. Wadda ba ta da abin faɗa in sanda ta zo mata sai ta miƙa gaba. Wadda ke da saƙo sai ta riƙe sandar, ta saki ƙunshinta. Ƙunshin ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga mai shi. Mai shi ta kwafa, ta yi 'yar alama a wutsiyarsa cewa na gani na kuma ɗauka, ta bar shi ya ci gaba da tafiya har ya komo wurin wadda ta aiko. Ita ce za ta cire shi daga zoben, ta duba alamar, ta saki sanda. Kun ga ke nan ga saƙo ga rasit a tafiya ɗaya. Tun da ya ke sanda ɗaya ce, ba yadda za a yi karo.

Tunanin zobe ya daɗe. Wani mutumin Suwidin, Olof Söderblom, ya yi rajistar irin wannan dabara tun wajen ƙarshen shekarun 1960. Jami'ar Kambirij a Ingila ta fara gina nata zoben a 1974, ko da ya ke nata ba da sanda ya ke aiki ba, waɗansu 'yan guraben saƙo ne ke kewaya, mai bukata ya cika wanda ya tarar ba kowa. Amma wanda duniya ta sani shi ne na kamfanin IBM, wanda aka yi yawancin bincikensa a ɗakinsu da ke kusa da Zurik a Suwizalan. Suka fitar da shi kasuwa a 1985 da sunan Token Ring, yana gudun bit miliyan 4, kafin shekarun 1980 su ƙare kuma suka kai shi miliyan 16.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce, to, in sandar ta ɓace fa? In wadda ke riƙe da ita aka ɗauke mata wuta? Ko in mai aikawa ta mutu ta bar ƙunshinta yana ta yawo ba mai cirewa? Lalle an yi tunanin wannan. Kamar yadda kowane adashi ke da uwar adashi, haka kwamfutocin kan zaɓi ɗaya daga cikinsu ta zama mai tsaro. In ta ga an daɗe sanda ba ta wuce ba, sai ta share zoben ta ƙirƙiri sabuwa. In ta ga ƙunshi ya wuce ta sau biyu, ta kama shi ta zubar. In ita kanta ta mutu, saura su sake zaɓe. An kuma hana kowa riƙe sanda fiye da kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Duk wannan hikima ce, amma kowace hikima sai an gina ta cikin katin da a ke sa wa kwamfuta, kowace kuma kuɗi ce.

Babban abin tsoro a zobe shi ne tsinkewa, gama sarƙa ce, ƙarfe ɗaya ya ɓalle ta tashi aiki. Masu IBM sun san haka, don haka ba su ja wayar daga tebur zuwa tebur ba kamar yadda mu ke zanawa a allo. Akwati suka yi mai ƙofa 8, kowace kwamfuta ta ja wayarta zuwa can, zoben yana naɗe a cikin akwatin. In aka kunna kwamfuta sai ta tura 'yar wuta ta buɗe ƙofarta, har a kan ji ƙas, ta shiga zobe. In aka kashe ta, ko wayarta ta tsinke, ƙofar ta rufe da kanta, saƙo ya tsallake ta ya wuce. Har wa yau, in wata ta ga ta daina ji daga sama, sai ta yi ta shela tana ambaton adireshin maƙwabciyarta, mai gyara ya san inda zai nufa ba sai ya yi rarrafe irin nawa ba. Watau duk wanda ya shiga ofis mai Token Ring yana neman da'ira da ido, ba zai gan ta ba.

To, wanne ya fi? In mutane kaɗan ne ke magana, gwadabe ya fi sauri, gama ba ka jiran komi, ka saurara ka ji shiru ka aika. A zobe kuwa ko kai kaɗai ne a farke sai ka jira sanda ta iso. In kowa na da kaya a ka, labari ya juya. Gwadabe ya cika da karo, ba kuma wanda zai iya yi maka alkawarin lokacin da ƙunshinka zai wuce, ƙuri'a ce, tana iya faɗa maka yanzu, tana iya ƙin ka sau 16. A zobe kuwa ana iya lissafa mafi munin jira tun kafin a kunna. In kwamfuta 50 ne, kowace ta riƙe sanda iyakar abin da aka yarda mata, jiranka bai wuce kimanin rabin daƙiƙa ba. Ga mai buga wasiƙa wannan alkawari ba wani abu ba ne. Ga injin da ke masana'anta kuwa, wanda in umurnin tsayawa ya makara zai yanke hannun mutum, shi ne komi. Saboda irin wannan ne kamfanin motoci na General Motors ya goyi bayan wani tsari na uku a shekarun 1980, mai waya irin ta gwadabe amma da sandar izini irin ta zobe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku siffar waya dabam, dokar magana dabam.

An yi shekaru ana wannan gardama, masu sayar da zobe suna cewa Ethernet na durƙushewa tun kaya bai kai rabi ba. A 1988 Boggs da abokan aikinsa biyu suka jera kwamfutoci a kan waya ta gaske suka auna, suka nuna cewa in ƙunshin manya ne Ethernet na ɗaukar kaya kusan cikinta. Ni dai in a takarda ne, har gobe zobe na ke ba maki mafi yawa, aikinsa ya fi tsabta, ya fi adalci. Amma ba a takarda aka yanke shari'ar ba, a kasuwa aka yanke ta. Mu kan ce araha ba ta ado, to, a nan ta yi. Ƙa'idar Ethernet a buɗe ta ke, kamfanoni da yawa suka shiga ƙera katinta suna karya wa juna farashi, katin Token Ring da wayarsa kuwa suka tsaya da tsada. Shugaban makarantar da ke da kuɗin kwamfuta 30 ba zai sayi 20 don a ba shi alkawarin rabin daƙiƙa ba.

Sa'an nan Ethernet ta yi abin da ya ƙarasa gardamar: ta bar gwadaben. A 1990 aka fitar da ƙa'idar da ta sa kowace kwamfuta ta ja tata siririyar waya, irin ta tarho, wadda ba ta wuce mita 100 ba, zuwa akwati guda a tsakiya. Wannan shi ne tsarin tauraro, kun kuwa ga irin dabarar da IBM ta riga ta yi ce. Da fari akwatin maimaitawa kawai ya ke yi, abin da ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta duka, karo na nan. Ba a daɗe ba aka sami akwati mai wayo, wanda ke karanta adireshi ya miƙa ƙunshi ga ƙofar mai shi kaɗai, in biyu suka zo tare ya riƙe ɗaya ya wuce da ɗaya. Daga nan ba karo, ba kuma bukatar sanda. A 1995 gudun ya kai bit miliyan 100, kafin shekara ta 2000 ya kai miliyan 1,000. An yi Token Ring mai miliyan 100 daga baya, amma kasuwa ta riga ta watse. Akwatin nan mai 'yan fitilu masu ƙyaftawa da ke ɗakin kwamfutarmu irin mai wayon ne. Sunan Ethernet ya ke ɗauke da shi, da siffar ƙunshinta, har da dokar bayit 64, amma ba gwadabe ba ne. Boggs ya rasu a 2022, Metcalfe kuwa aka ba shi lambar Turing ta wannan shekarar, wadda ita ce babbar lambar girma a ilmin kwamfuta.

Kada wani ya ce ashe tarihi kawai mu ke koyarwa. Gwadabe na nan da ransa a cikin motocin zamani. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wani tsari a 1986 mai suna CAN, waya biyu a murɗe suna bi ta cikin mota, na'urar inji da ta birki da ta fitilu duk suna manne a jiki, da marufi mai om 120 a kowane ƙarshe. Su kuwa maganin karonsu dabam ne: kowane saƙo na da lamba, in biyu suka fara tare mai ƙaramar lamba ya wuce ba tare da ya lalace ba, ɗayan ya dakata. WiFi ma gwadabe ne, iska ce wayar. Da ya ke na'urar rediyo ba ta iya jin wani sa'ad da ta ke watsa nata, sai ta jefa ƙuri'ar jiran tun kafin ta fara, ta kuma jira a ce mata an karɓa, kamar jikar ALOHA da ta ke. Wannan na cikin dalilan da su kan sa in kun taru a babban zaure kowa da wayarsa a hannu, abin ya yi ta jan ƙafa.

Zobe kuma ya koma ƙarƙashin ƙasa. An taɓa yin wani mai suna FDDI a kan zaren gilashi, mai gudun bit miliyan 100, da zobe biyu masu kewaya fuskoki dabam. In aka tsinke shi a wuri ɗaya, na'urorin da ke gefen tsinkewar sai su haɗa zoben biyu su zama ɗaya mai tsawo, aiki ya ci gaba. Shi kansa an daina yayinsa, amma kamfanonin tarho sun riƙe dabarar, su kan kewaye gari da zaren gilashi, don in masu haƙa kwalbati suka datse shi ta gabas saƙo ya juya ta yamma. Ƙa'idar irin wannan zobe ita ce juyawar kada ta wuce kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, mai magana a waya ba ya ko lura.

Ga yadda na ke koyar da darasin yanzu, ba ya kuwa bukatar wuta ko kwamfuta, wanda aka tura ƙauye ma ya iya yi. Ka fito da yara 10 gaban aji, ka ba kowa jimla guda a takarda da sunan wanda zai faɗa wa. Su tsaya a layi, su rufe ido don kada su yi wa juna inkiya. Doka ita ce mai ji shiru ya yi magana, in murya biyu suka haɗu duka su tsaya, kowa ya zaɓi lamba a ransa ya ƙirga kafin ya sake. Ka fara da yara 2 kaɗai masu saƙo, sa'an nan ka ba duka 10. Bayan haka su yi da'ira, abin share allo ya zama sanda, ba mai buɗe baki sai yana hannunsa, a sake gwadawa da 2, a sake da 10. Sauran aji su riƙa ƙirga jimlolin da suka isa cikin minti 2, su rubuta a allo. Daga ƙarshe ka ɓoye abin share allon a aljihunka ba tare da ka ce komi ba, ka ga ko akwai wanda zai tashi ya nemo wata sanda. Da na gwada da 'yan ajinmu na biyu, sun fi minti guda suna kallon juna kafin wata ta cire takalminta ta miƙa wa na kusa da ita.

Marufin nan da ya ɓata mana Litinin yana wurina har yanzu, tare da guntun siririyar wayar da ɗan ƙarfe mai baki uku. Wanda zai fita koyon aiki ya ke son ya nuna wa yara, ya zo ofis ya ara, amma ya sa hannu a littafi.